Zaƙami: Yadda Muka Nema wa Ɗan Yayata Magani, 2020 Zuwa 2024

Wanda zan ba da labarinsa ɗan yayata ne, kuma da yardarsa nake rubutawa. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a faɗi sunansa ko sunan garinmu. Ni malamin makaranta ne, na saba rubuta komai a ɗan littafi, shi ya sa ranaku da alƙaluman da ke ƙasa ba daga ka na ɗauko su ba.

Kafin matsalar ta fara

An haife shi a 2001, shi ne ɗan fari a cikin 'ya'ya shida. Mahaifinsa ya rasu a 2018, yana aji biyar na sakandare. Ya gama a 2019, sakamakonsa bai kai shi jami'a ba, kuɗin sake jarrabawa kuma babu. Sai ya koma zaman majalisa a bakin titi, wani lokaci ya karɓi babur ɗin abokinsa ya yi acaɓa na rabin yini. Daga baya ya gaya mana cewa tun ƙarshen 2018 yake shan tabar wiwi, sau biyu ko uku a mako. Babu wanda ya lura a gida. Mahaifiyarsa ba ta ko kiran sunansa saboda alkunyar ɗan fari, balle ta zaunar da shi ta tambaye shi ina ya kwana. Ni kuma ina wani gari, sai hutu nake zuwa.

Disamba 2020: shan farko

A wani bikin aure ne, cikin makon ƙarshe na Disamba. Abokan ango suka haɗa zoɓo a jarka, suka zuba 'ya'yan zaƙami a ciki. Ya ce ya san da wani abu a ciki, amma bai san mene ne ba. Abin da yake iya tunawa daga daren nan kaɗan ne ƙwarai: makogwaronsa ya bushe har yawu ya ƙi haɗiyuwa, fitilu suka yi masa haske fiye da kima, sannan ya ga mahaifinsa zaune a kan benci yana yi masa magana. Bai ji kamar mafarki ba ne. Ya zauna kusa da shi suka yi hira. Washegari da yamma aka tsince shi a bayan makarantar firamare babu takalmi.

Zaƙami ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne wasu ke kira haukata-yaro ko babba-jibji, tsiro mai farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, yana fitowa da kansa a juji da kangaye, musamman da damina. Masana tsirrai suna kiransa Datura metel. Sinadaran da ke cikinsa, su atrofin da sikofolamin, suna toshe wani saƙo da jijiyoyi ke aika wa jiki da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa baki ke bushewa, zufa ta ɗauke, jiki ya yi zafi, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, baƙin ido ya buɗe, fitsari ya ƙi fita. A ƙwaƙwalwa kuwa mutum yakan ruɗe, ya yi gane-gane, ya yi zance da waɗanda ba sa nan. Mai shan irin su LSD, wata ƙwaya mai sa gane-gane, sau da yawa ya san abin da yake gani aikin ƙwaya ne. Mai shan zaƙami ba ya sani, kuma idan ya farfaɗo yawancin abin da ya faru ya goge daga kansa. Mayen kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu. Ƙarfin gubar ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, har ma a tsiro ɗaya daga lokaci zuwa lokaci, don haka adadin da ya sa mutum sambatu jiya zai iya kashe shi gobe.

Da yawa daga waɗanda suka sha sau ɗaya ba sa marmarin komawa. Shi ya koma. Daga Janairu zuwa Maris 2021 ya sha sau biyar, shi kaɗai, a wani kango.

Maris zuwa Yuli 2021: ruƙiyya

Ranar 19 ga Maris ya shigo gida da magariba yana tsintar abin da babu a jikin bango, yana kaɗe tufafinsa kamar tururuwa na hawansa. Ya gai da mutanen da ba kowa ke ganinsu ba. Mahaifiyarsa ta kira ni a waya tana kuka.

"Ka zo. Yaron nan an taɓa shi."

"Yaya, kin tabbata ba wani abu ya sha ba?"

"Ba ya warin komai. Kuma da ubansa yake magana."

Aka kira malami ya yi masa ruƙiyya a daren, aka yi hayaƙi, aka ba shi rubutu. Bayan kwana biyu ya dawo hayyacinsa sarai, bai tuna komai ba. Kowa ya yi hamdala, aka ce aljanin ya fita. Abin ya sake faruwa ranar 24 ga Afrilu, da 30 ga Mayu, da sau biyu a Yuli. Kowane karo a yi ruƙiyya, kowane karo ya warware cikin kwana biyu. Mun canza malamai uku. Na biyun, dattijo ne mai tsoron Allah, ya ja ni gefe ya ce: "Malam, ni ban ga alamar jinnu a yaron nan ba. Ku kai shi asibiti a duba." Na faɗa a gida, amma baffanninsa suka ce asibitin mahaukata ba wurin da za a kai ɗan gidansu ba ne, ƙannensa mata ba su yi aure ba tukuna.

Agusta zuwa Disamba 2021: gidan mari

A farkon Agusta ƙanensa ya tsinci ƙullin wiwi a aljihunsa. Nan take magana ta juya daga aljanu zuwa kangara. Baffanninsa suka yanke shawarar kai shi wani gidan horo a wata jiha. Na tuna musu abin da ya faru a Satumba 2019, lokacin da 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, da irinsa da aka bankaɗo a Daura wata guda bayan haka. Suka ce wannan daban ne, karatu ake yi. Ban tsaya kai da fata ba. Na ba da nawa kason kuɗin.

Ya shiga ranar 14 ga Agusta da nauyin kilo 61. Ba a yarda a gan shi ba sai bayan wata biyu. Babu likita a gidan, babu wanda ya tambaye shi me yake sha. Na je na fito da shi ranar 18 ga Disamba, nauyinsa kilo 49, da ƙazuwa a hannuwa da tabon ƙarfe a idon sawu biyu. Wata huɗu cur bai sha komai ba. Bai yi mini magana a mota ba har muka iso gida. Kwana tara da dawowarsa ya sha zaƙami.

Janairu zuwa Yuni 2022: asibitin kuɗi

Ranar 10 ga Janairu na kai shi wani asibiti mai zaman kansa a babban birnin jiharmu, yana cikin ruɗewa. Aka gwada fitsarinsa da irin ɗan tsinken gwajin nan da ke nuna wiwi, da tiramadol, da kodin da danginsa, da ƙwayoyin barci. Wiwi kaɗai ya fito. Likitan ya ce wiwi ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ganin bai kai minti goma ba. Aka rubuta masa kulofuromazin, maganin taɓin hankali, tare da benzekzol, wanda ake haɗawa don hana sanƙarewar jiki da rawar hannu da na farkon ke kawowa. Aka ce mu dawo bayan wata ɗaya.

Daren farko ruɗewar ta ƙaru, sai a kwana na uku ta lafa. Watanni biyu na farko ya yi ta barci, ya yi ƙiba, muka ɗauka sauƙi ne. A Maris na lura benzekzol na wata guda yana ƙarewa cikin kwana goma, ɗayan maganin kuma yana nan kusan yadda aka saya. Ya ce zubewa suka yi. Ashe ya daina shan kulofuromazin, yana tara benzekzol yana sha da yawa a lokaci guda, idan ya ƙare ya saya a kemis ba tare da takardar likita ba. Ita ce ƙwayar da samari ke kira Exol, wadda sunanta ke yawan fitowa a cikin kayan da hukumar NDLEA ke kamawa a Arewa. Aikinta a jiki irin na zaƙami ne, sai dai ya fi sauƙi. A ziyara huɗu da muka koma asibitin, sau huɗu aka sabunta takardar maganin yadda take.

11 ga Yuli 2022: ɗakin gaggawa

Kwana biyu bayan Babbar Sallah abokinsa ya kawo shi gida a adaidaita-sahu, jikinsa kamar garwashi amma babu ɗigon zufa. Muka wuce babban asibitin gwamnati. Zafin jikinsa 40.1, bugun zuciya 136 a minti. Mararsa ta kumbura; da aka sa masa robar fitsari, abin da ya fita ya haura lita ɗaya.

Wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace, ta haska idonsa da tocila, ta tsaya tana kallon yadda yatsunsa ke tsintar iska. Ba ni ta tambaya ba. Ta fita waje wurin abokin nasa ta ce: "Ɗana, ba 'yan sanda zan kira ba. Zaƙami ya sha ko Exol?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce duka biyun.

Wannan ne karo na farko, wata goma sha tara bayan bikin nan, da wani ya ambaci sunan abin a gabana. Aka yi ta shafa masa ruwan sanyi, aka sa ƙarin ruwa, aka ba shi diyazefam don fizge-fizgen. Likitan ya hana a ba shi kulofuromazin, ya ce shi ma yana da irin wannan aikin na busar da jiki, zai iya ƙara tsananta gubar. Ya kuma bayyana mini cewa tsinken gwajin fitsari da aka saba amfani da shi ba ya ganin zaƙami, wiwi kuwa takan zauna a fitsarin mai yawan shanta har makonni. Ya farfaɗo a kwana na biyu, aka sallame mu a na huɗu da takardar tura mu asibitin ƙwaƙwalwa.

Yuli zuwa Satumba 2022: kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa

Asibitocin da suka ƙware a wannan fanni a Arewa ba su da yawa. Akwai na Barnawa a Kaduna, da na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, sai sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Ɗaya daga cikinsu muka je, tafiyar awa uku daga garinmu. Mun jira gado kwana goma sha ɗaya. A kwanakin nan yana gidana, kuma na tambaye shi ra'ayinsa. Ya ce: "Kawu, in babu ɗauri zan je." Ya sa hannu da kansa ranar 26 ga Yuli.

Ganin farko ya ɗauki fiye da awa ɗaya. An yi amfani da jerin tambayoyin Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna ASSIST, wanda ke bin kayan maye rukuni-rukuni, har da masu sa gane-gane, amma mai tambayar ba ta tsaya ga sunayen da ke takarda ba. Da sunayen titi ta riƙa tambaya: zaƙami, sholisho, gadagi, Exol. Aka dakatar da kulofuromazin. Benzekzol kuma aka riƙa rage shi sannu a hankali cikin mako biyu, domin yanke shi kwatsam kan kawo tashin zuciya, zufa da rashin barci. Duk da haka ya sha wuya a makon farko. Daga nan aka zuba masa ido mako uku ba tare da wani maganin taɓin hankali ba. Bai yi gane-gane ko sau ɗaya ba. Likita ta ce wannan ya nuna ba shi da ciwon hauka mai zaman kansa. Duk abin da muka gani guba ce ke zuwa ta wuce.

Na tambaye ta wace allura ko ƙwaya za a ba shi ta cire masa sha'awar abin. Ta ce babu. Masu shan heroyin da danginta suna da magungunan da ke tallafa musu, amma ga masu sa gane-gane babu wani magani da aka tabbatar. Abin da ake da shi zama ne da magana. Raina bai so wannan amsar ba, don na zo ne da tunanin za a ba mu wani abu a kwalba.

Yana ganin masaniyar halayyar ɗan'adam sau biyu a mako, ga zaman rukuni kullum da safe. A rukunin su goma sha huɗu, shi kaɗai ne na zaƙami, sauran tiramadol ne da kodin da wiwi, har suna yi masa dariya wai ya rasa abin sha sai ciyawar juji. Ba abin mamaki ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da kayan maye a Najeriya, miliyan 10.6 daga ciki wiwi, masu shan abubuwan sa gane-gane kuwa wajen 27,000. Saboda haka aka ƙara masa zaman keɓe.

A zama na biyar ne ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ba daɗi yake ji ba idan ya sha, wahala ce zalla. Yana komawa ne don ya sake ganin mahaifinsa. Ranar da mahaifin ya rasu yana gidan kallon ƙwallo, aka yi ta nemansa ba a same shi ba sai bayan an kai shi makwanci. Shekara huɗu babu wanda ya yi masa zancen. Bayan ƙarin bincike aka gano yana da ciwon damuwa mai tsanani, aka sa shi a kan fuluwozetin. Likitar ta ce da gangan ta kauce wa amitiriftilin, wanda ya fi araha, saboda shi ma yana da irin aikin zaƙami a jiki.

Aka buƙaci mahaifiyarsa ta zo zaman iyali. Ta ƙi har sau biyu. Ta ce ita ba za ta zauna gaban baƙi tana zancen ɗan fari ba. Na ce: "Yaya, kunyar nan ta kusa sa mu binne shi." Ta zo ranar 30 ga Agusta. Ba ta kira sunansa ba, ba ta kuma kalle shi ba, amma ta ba da labarin yadda mahaifinsa ya yi ta tambayarsa a daren ƙarshe, ya kuma ce a gaya masa ya yafe masa duniya da lahira. Ta riƙe wannan saƙon shekara huɗu don ba ta san ta inda za ta fara ba. An sallame shi ranar 9 ga Satumba, bayan kwana 45, nauyinsa kilo 58.

Satumba 2022 zuwa Afrilu 2023: komawa gida da zamewa

An rubuta tsarin a takarda, mu uku muka sa hannu. Zai zauna a gidana wata shida. Magani yana hannun matata, ita ke ba shi kowace safiya. Komawa asibiti duk mako biyu na wata uku, daga nan duk wata. Zai fara koyon gyaran janareta a shagon wani maƙwabcina, wanda muka gaya wa gaskiyar komai. Babu zuwa biki da dare. Sharaɗi na ƙarshe shi ya kawo shi: idan ya zame ya faɗa da bakinsa cikin kwana ɗaya, ba duka, ba gori, ba zancen gidan mari. Ni da ƙannensa muka tumɓuke zaƙamin da ke kangaye uku kusa da gidansu, ko da yake mun san wani zai fito da damina.

Ya sha wiwi sau biyu a Nuwamba, ya faɗa. A Maris 2023 ya koma gidansu. Ranar 22 ga Afrilu, washegarin Ƙaramar Sallah, bayan sun dawo daga gidan kakanninsa na wajen uba, ya sayi Exol ya sha. Da asuba ya kira ni. Baffansa ya ce an gani ai, asarar kuɗi aka yi. Na ce hannu ba ya ruɓewa a yanke a yar. Muka koma asibiti cikin makon, ba a kwantar da shi ba, aka mayar da ganin likita duk mako biyu na wata biyu, aka kuma sa lokutan Sallah da zagayowar watan rasuwar mahaifinsa a cikin ranakun da za a riƙa yi wa shiri tun kafin su zo.

Inda ake a Disamba 2024

Rabonsa da zaƙami tun 11 ga Yuli 2022, Exol tun 22 ga Afrilu 2023. Wiwi ya sha sau ɗaya a Janairu 2024. An janye fuluwozetin a hankali a tsakiyar 2024. Yana zuwa asibiti duk wata uku. Nauyinsa kilo 64. Yana karɓar aikin kansa a shagon. Har yanzu yana ƙorafin mantuwa, yana rubuta kuɗin kwastomomi a littafi, kuma ba ya iya kwana a ɗakin da aka kulle daga waje.

Abin da na gani bayan na sake karanta littafin

Ruƙiyya ta yi kamar tana aiki ne saboda mayen zaƙami da kansa yake sauka cikin kwana biyu. Ban raina addu'a ba, har gobe muna yi masa. Kuskurenmu shi ne da malamin da ya fi kowa gaskiya ya ce mu tafi asibiti, muka bar tsoron bakin mutane ya hana mu, ya ci mana wata shida.

Gidan mari shi ne abin da ya fi yi masa illa, kuma da kuɗina a ciki. Ya raba shi da abin sha wata huɗu, bai taɓa dalilin shan ba, sannan ya koya masa cewa faɗin gaskiya yana kai mutum ga sarƙa. Ina ganin shi ya sa ya yi shiru a asibitin kuɗi. Can kuma aka dogara ga tsinken gwaji wanda ba a yi shi don ganin zaƙami ba, aka yi gudun gara aka faɗa zago, domin da hannunmu muka riƙa saya masa ɗan'uwan gubar da yake sha. Ni ma da ke riƙe da takardar ban tambayi aikin kowane magani ba.

Abin da ya juya lamarin tambaya ce da aka yi da sunan da samari suka san abin da shi, ga wanda ya sani, bayan an cire masa tsoron kamu. Daga nan sauran suka samu wurin zama: makonni ukun da aka zuba masa ido babu magani, waɗanda suka cire masa tambarin hauka, gano damuwar da ke ƙarƙashi, zuwan mahaifiyarsa, aikin hannu da ya cike masa yini, da sharaɗin da ya sa ya kira ni da asuba maimakon ya ɓoye. A cikin waɗannan, zuwan Yaya ne nake ganin ya fi nauyi, kuma shi ne bai ci ko kwabo ba sai kuɗin mota.

Abu ɗaya bai gyaru ba. Kemis ɗin da ya riƙa sayar masa da Exol yana nan a buɗe. Na je na yi wa mai shagon magana sau biyu, na kuma kai ƙara a rubuce. Abokin da ya kawo shi gida a adaidaita-sahu har yanzu a can yake saye, kuma ɗan yayata ya nemi in raka su asibiti a ganin likita na watan Maris.